Zoɓo, albasa da jar dawa: yadda za a ci moriyarsu don lafiyar jijiyoyin jini

Duk kaka buhunan zoɓo kan fita daga ƙauyukan Daura, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure, a loda su a manyan motoci har tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma kaso mai yawa Meziko yake nufa. Wanda ya rage mana a gida kuwa sai mu tafasa shi, mu jefa masa kanwa don kashe tsami, mu antaya sukari da filebo, mu ƙulla a leda. Kafin ya kai baki mun riga mun rage masa amfani, mun ƙara masa illa. Haka muke yi wa zogale, haka muke yi wa dawa da wake. Wannan jagora na mai hawan jini ne, da mai ciwon suga, da wanda ya ga alamar yana kan hanyarsu, da uwargidan da tukunyar gidan ke hannunta.

Mataki na farko: san abin da kake nema

Tsirrai na ƙera wasu sinadarai da suke kare kansu da su daga zafin rana da ƙwari. Ana kiransu filabonoyid, kuma an gano fiye da iri 6,000. Su ne jan da ke cikin zoɓo da karan dafi, su ne baurin shayi, suna cikin albasa da ganyen zogale da ɓargon lemu da waken suya. A 1936 masanin nan ɗan ƙasar Hangare, Albert Szent-Györgyi, ya ɗauka wani sabon bitamin ne ya gano. Daga baya aka tabbatar ba bitamin ba ne, domin rashinsu ba ya kwantar da mutum kai tsaye. Amfaninsu a hankali yake taruwa.

Ga yadda suke taɓa jijiya. Kowace jijiyar jini tana da wata siririyar shimfiɗa a cikinta, wadda ke fitar da iskar naitirik oksaid. Wannan iska ita ke sa jijiya ta saki, ta buɗe, jini ya wuce ba tare da zuciya ta yi ta kokawa ba. Masana uku da suka gano haka sun karɓi kyautar Nobel a 1998. Yawan suga a jini, da gishiri, da hayaƙin taba, da kitsen tumbi, da shekaru, duk suna gurgunta shimfiɗar nan. Jijiyar sai ta ƙandare kamar tiyon ban-ruwa da ya shekara a rana, wanda ba ya lanƙwasuwa, ruwa kuma sai da ƙarfin inji yake bi ta cikinsa. Daga nan hawan jini ke samun gindin zama, a bayansa kuma shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da lalacewar ƙoda.

Filabonoyid na taimaka wa shimfiɗar ta ci gaba da fitar da iskar nan. Wasu daga cikinsu kuma na rage saurin narkewar sitaci a hanji, don haka suga ba ya kwarara cikin jini lokaci guda. Kaɗan ne daga cikinsu ke shiga jini kai tsaye, mafi yawa sai ƙwayoyin halittar da ke cikin babban hanji sun farfasa su tukuna. Kuma ba sa daɗewa a jiki, cikin yini guda an fitar da akasarinsu. Shi ya sa shan jarkar zoɓo ranar biki ba ya maye gurbin kofi ɗaya kullum.

Sai maganar girman amfanin, don kada a yi wa kai alkawarin da ba zai cika ba. A Denmak an bi rayuwar mutum 56,048 na tsawon shekara 23, aka fitar da sakamako a 2019: masu samun kimanin miligiram 500 a rana sun fi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya da jijiya, amma daga nan amfanin ya tsaya, ƙari bai ƙara komai ba. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da sanadi. Da aka yi gwajin gaske a Amurka, aka ba tsofaffi 21,442 ko dai ƙwayar sinadarin koko ko ƙwayar da babu komai a ciki, sakamakon 2022 ya zo da gauraye: mutuwa ta ciwon zuciya ta ragu da kashi 27 cikin 100, amma jimillar aukuwar cututtukan ba ta ragu yadda za a kafa hujja ba, kuma nazarin da ya biyo baya a 2023 ya nuna kamuwa da ciwon suga bai ragu ba. A nawa ganin, hujjar ta fi ƙarfi a ɓangaren hawan jini da lafiyar jijiya, ta fi rauni a ɓangaren suga. Duk wanda ya ɗaura lasifika a mota yana cewa garinsa na warkar da ciwon suga har abada, kuɗinka yake so.

Mataki na biyu: auna kanka kafin ka canza komai

Sai an gwada akan san na ƙwarai. In ba ka san inda ka faro ba, ba za ka san ko ka matsa ba.

Awon jini ana yinsa a asibitin unguwa da kemis da yawa, na'urar gida kuma mai ɗaurawa a damtse ta fi ta wuyan hannu. Kada ka sha shayi, ka ci goro ko ka sha taba minti 30 kafin awo. Zauna minti 5, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kuma ka yi shiru. Auna sau biyu, tsakani minti ɗaya, safe da yamma, har kwana 7, kana rubutawa. Awon asibiti da ya tsaya a 140/90 ko sama hawan jini ne. A awon gida iyakar 135/85 ce. Wanda ya ga 180/120 ya ajiye wannan rubutu ya nufi asibiti, balle in akwai ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani.

Suga ana auna shi da safe kafin karin kumallo, bayan awa 8 ba a ci komai ba. Daga 126 zuwa sama, in ya maimaitu, ciwon suga ne, wato 7.0 a na'urorin da ke ƙirga da ƙananan lambobi. Tsakanin 100 da 125 bakin rami ne, kuma nan ne gyaran abinci ya fi yin tasiri.

Na uku, ari tef ɗin tela ka zagaya cikinka daidai saman cibiya. Namiji ya wuce santimita 94, ko mace ta wuce 80, kitsen ciki ya fara yawa. Mu nan tumbi alamar hutu ne, har yabon mutum ake yi da shi, amma wannan kitsen shi ke hana insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, aikinsa.

Mataki na uku: gyara zoɓo

A jami'ar Tufts ta Amurka an yi gwaji da mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa amma ba su fara shan magani ba. Rabi suka riƙa shan kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, rabi suka sha wani abin sha mai kama da shi. Sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna lambar sama ta awon jinin masu zoɓo ta sauka da kimanin maki 7, ta sauran kuwa da maki ɗaya da ɗoriya. Abin lura shi ne yawan zoɓon: giram 1.25 kacal a kowane kofi, abin da bai wuce ka ɗiba da yatsu uku ba. Ba zoɓo mai kauri kamar jini ba.

Ga yadda za a haɗa na yini guda. A sami busasshen zoɓo mai duhun ja, wanda ba ya warin fumfuna. A ɗebi ɗan ƙaramin tafin hannu, a ɗauraye shi da ruwan sanyi sau ɗaya, da sauri, don yashi ya fita. Duk jan da ya bi ruwan ɗauraya asara ce. A tafasa ruwa kamar lita ɗaya da citta da kanumfari, a sauke, sannan a zuba zoɓon a rufe minti 10. Ba a barinsa yana ɓararraka a kan wuta, domin doguwar dahuwa na kashe antosayanin, sinadarin da ke ba shi launi. In da hali a yi a tukunyar silba ko kwanon tangaran, tsamin zoɓo na cin tukunyar dalma. A tace, a sha kofi da safe, kofi da rana, kofi da yamma, da ɗumi ko da sanyi.

Kanwa kuwa a bar ta. Uwargida, gwada wannan da idonki: zuba zoɓo a kofin gilashi biyu, ki ɗiga ruwan kanwa a ɗaya. Nan take jan zai juye ya yi shuɗi-shuɗi, in kin ƙara ya koma baƙi-baƙi mai ratsin kore. Ɗiga lemun tsami a ɗayan, za ki ga ya ƙara haske. Antosayanin a cikin tsami yake zaune lafiya, kanwa kuma rusa shi take yi. Bayan haka kanwa kanta cike take da sodiyam, sinadarin nan na gishiri mai tayar da jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi.

Sukari shi ne babban yaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, wato ƙaramin cokali 12, in an tsaya a rabin haka ya fi. Lemun kwalba ɗaya na santilita 50 ya kai wannan iyaka shi kaɗai, zoɓon biki kuma ba ya nesa da shi. Zuma da mazarƙwaila da dabino duk suga ne a wurin mai ciwon suga, kada sunan ya ruɗe shi. In tsami ya yi yawa a ƙara ruwa, a sa na'ana'a ko ɓawon abarba da aka wanke ko kokwamba. Wanda ba zai iya yankewa lokaci guda ba ya rage rabi a makon farko, ya sake rage rabi a na biyu. Harshe na sabawa.

A watan azumi an fi yin ɓarna: dabino, kunu mai sukari, zoɓo mai sukari, lemun kwalba, duk a kan cikin da ya wuni babu komai. A zaɓi ɗaya mai zaƙi, sauran su zo babu.

Mataki na huɗu: sasanta da mai shayi

Shayi na cikin abubuwan da suka fi tara filabonoyid. A 2022 ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ba da shawarar miligiram 400 zuwa 600 a rana na irin da ke cikin shayi, kuma kofi biyu na kai mutum wurin. Baƙin shayi da koren shayin da Buzaye ke dafawa a ƙaramar buta duk suna da shi.

Matsalar tana teburin mai shayi. Tsaya ka kalli hannunsa da safe a Ƙofar Ƙaura ko bakin tasha: madara, garin koko mai zaƙi, sannan babban cokali na sukari sau uku, a juya daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, ga rabin burodi a gefe. Ka ce masa, "Malam, baƙi zalla, cokali ɗaya ƙarami," sai ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, lafiya dai? Ko sugan ne ya kama?" Amsa masa ka sha abinka. Bayan kwana kaɗan shi da kansa zai riƙa haɗa maka ba tambaya. A bar ganyen ya jiƙu minti 3 zuwa 5. Masu bincike sun saɓa a kan ko madara na rage amfanin shayi, don haka 'yar kaɗan ba abin faɗa ba ce, sukarin dai shi ne babu saɓani a kansa.

Shayi na hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe daga hatsi da ganye. Mai ciki, da mai ƙarancin jini, da yara, su raba shayi da abinci ko ƙwayar ƙarin jini da aƙalla awa ɗaya. Goro ma yana da filabonoyid, amma sinadarin kafeyin da ke cikinsa na tayar da jini da hana barci, saboda haka ba na lissafa shi.

Mataki na biyar: rage abin da ake zubarwa a madafa

Nan ba sayen sabon abu ake buƙata ba. Tsirrai a fatarsu suke tara waɗannan sinadarai, mu kuma fatar muke fara cirewa.

Albasa: kwasetin, irin filabonoyid ɗin da ke cikinta, ya fi yawa a zoben waje, kuma jar albasa ta fi fara. A cire busasshen ɓawo kawai, a bar zoben farko mai nama ko da ya ɗan yi tauri. Suya ba ta cika lalata shi ba, a miya kuma ruwan da ya zuba ciki shi ake sha. Ɗanyar albasa a kan wake da shinkafa, ɗanwake, kwaɗo ko tsire, a ƙara yawanta.

Zogale ya fi kowa shan wahala a hannunmu. A zuba shi a ruwa mai yawa da kanwa, a dafa har ya yi laushi tiɓis, a tsiyaye ruwan a kwata, a matse ganyen tamau, sannan a kwaɗa. Wannan koren ruwa da ya bi rariya ya tafi da rabonsa na kwasetin da bitamin. A turara shi a madambaci, ko a dafa da ruwa ɗan kaɗan wanda zai tsotse, ba kanwa. Zai ɗan fi bauri, ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir za su rufe. Haka rama da tafasa da yakuwa da alayyahu. In dole sai an zubar da ruwan farko saboda tsamin rama, a taƙaita dahuwar. Ganyen da za a ajiye don rani, har da kuka, a shanya shi a inuwa.

Dawa da gero: launin jar dawa a dusarta yake, kuma idan aka yi mata surfe fes, an ba awaki mafi amfanin. A rage surfen, ko a haɗa rabi surfaffe rabi wanda aka wanke kawai, a kai niƙa. Tuwon zai yi duhu, zai kuma fi daɗewa a ciki. Sai dai tuwo sitaci ne ko na wace dawa ce, mai ciwon suga ya rage malmala ya ƙara miya da ganye. Fura da nono ba laifi in ba a sa sukari ba kuma ba a cika ƙwarya ba.

Wake: ja ya fi fari, kuma a ɓawonsa abin yake. Ƙosai da alale ana gurje ɓawon, dafaffen wake da fate kuwa da shi ake ci. A jiƙa wake tun dare, zai nuna ba kanwa. Gyaɗa a ci da jar fatarta. Awara tana da nata irin, amma suyar da ake yi mata cikin mai tsundum na rage mata daraja.

Duk wannan aikin banza ne in gishiri na nan yadda yake. Iyakar ita ce giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Daddawa, tafarnuwa, citta, masoro da albasa mai yawa su ke ba miya ɗanɗano in an rage shi.

Mataki na shida: bi kakar kowane abu

Ana son giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ba sai an sayi tufa da inabi na kanti ba. Da damina ganye ya wadata. Da kaka ga sabon zoɓo da gwaiba da yalo. Da hunturu lemu kan iso daga Binuwai, ga magarya, kurna, kanya da goruba. Da rani lambunan Ajiwa, Jibiya, Zoɓe da Sabke na cika kasuwa da albasa, kabeji, latas da tumatir. Da bazara mangwaro. A ci lemu da ɓargonsa da farin zaren nan maimakon a tsotse a yar. Mai ciwon suga ya ci ɗan itacen a yanka, ba matsattsen ruwansa ba, mangwaro kuma ƙarami ɗaya ya isa.

Mataki na bakwai: haɗa shi da magani, ba a madadinsa ba

Wanda likita ya ɗora a kan amlodifin, lisinofiril, metfomin ko allurar insulin kada ya ajiye su don ya fara shan zoɓo. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa mutum kan ji garau ya daina magani, sai wata safiya baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe. In an ga haka asibiti za a nufa a take, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibiti mafi kusa, ba a tsaya shafe-shafe da jiƙe-jiƙe ba.

Gaya wa likita kana shan zoɓo kullum, domin ƙarfinsa kan haɗu da na magani jini ya sauka fiye da kima. Alamar ita ce jiri idan ka miƙe. Mai shan ƙwayar suga ta gilbenkilamaid ko mai allurar insulin da ya rage tuwo ya kula da rawar jiki, zufa da yunwa mai tsanani, alamun faɗuwar suga ke nan, kuma a nan sukari magani ne. Garehul, babban lemun nan mai ɗaci, ba ya jituwa da magungunan nifedifin da simbastatin. Mai shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, kada ya ƙara yawan ganye kwatsam ba da sanin likita ba. Mai ciwon ƙoda ya tambaya kafin ya ƙara ganye, 'ya'yan itace ko zoɓo. Mai ciki ta bar shan zoɓo a matsayin magani na kullum. Mai gyambon ciki ya sha bayan abinci, in yana tayar masa ya bari.

Ƙwayoyi da garin da ake tallatawa a WhatsApp da sunan tataccen koren shayi ko maganin tumbi, a yi nesa da su. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta bayyana a 2018 cewa miligiram 800 a rana na tataccen sinadarin koren shayi na iya taɓa hanta, alhali shan shayin kansa yadda aka saba bai da wannan matsala. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Mataki na takwas: sake awo bayan mako 6

Ɗauko takardar nan ta farko. Maimaita awon jini na kwana 7 da na'ura ɗaya, a lokuta iri ɗaya, ka fitar da matsakaici. Saukar maki 4 zuwa 8 a lambar sama shi ne abin da ya dace a sa rai, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Tef ɗin tela ba ya saurin motsi, santimita ɗaya ko biyu ma ci gaba ne. Suga kuwa, in asibitinku na yin gwajin nan mai nuna matsakaicin wata 3, a jira wata ukun su cika kafin a maimaita shi.

In lambobin sun sauka, kai wa likita takardar, shi zai yanke ko a rage magani. In ba su motsa ba, duba gishiri da magi da kanwa tukuna, sannan sukarin shayi, sannan ko kana samun tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranakun mako. In duk waɗannan sun daidaita amma awon gida na nan a 135/85 ko sama, lokacin fara magani ko canza shi ya yi, kuma a tafi da takardun awon biyu, na farko da na yanzu.